Zaɓen babbar motar rimot mai batir don wasa a fili: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu sha'awar sayen babbar motar rimot suka fi yi, musamman waɗanda ba gasa ce a gabansu ba. Burinsu su fita fili da yamma, su tayar da ƙura, motar ta yi 'yan tsalle-tsalle, su koma gida da ita lafiya. Ga irin wannan mutum aka rubuta amsoshin.

Idan aka ce mota "babba" ce, me ake nufi?

Ana auna waɗannan motoci da girman motar gaske. In ka ga an rubuta 1/10, ana nufin tsawonta kashi ɗaya cikin goma ne na motar da aka kwaikwaya. Daga 1/8 ake fara cewa babba, sai 1/7, 1/6, har zuwa 1/5. Lambar ƙasa tana raguwa, motar tana ƙara girma.

Sai dai lambar takan ruɗi mutum. Motar 1/5 ta ninka ta 1/10 sau biyu ne a tsawo, amma haka ta ninka ta a faɗi da tsayi, don haka a lissafi jikinta ya kai ninki takwas. Kuma kamfanoni ba sa bin ma'aunin sau da ƙafa, kowa da yadda yake kiran tasa. Ka bar lambar, ka nemi tsawo da nauyi a takardar bayani. Arrma Kraton 6S, wadda ake kira 1/8, tana kusan santimita 60 a tsawo, nauyinta wajen kilo 5. Traxxas X-Maxx ta kusa santimita 80, nauyinta ya doshi kilo 9 tun ba a sa mata batir ba. Kraton 8S kuwa ta haura kilo 10. Ka ɗauki awo ka shimfiɗa santimita 80 a ƙasan ɗakinka, ka dube shi da kyau, sannan ka tuna faɗin ma ya wuce rabin mita.

Tunda babba nake so, ba gara in ɗauki mafi girma ba?

A nan ne nake so a tsaya a yi tunani, domin nan aka fi yin da-na-sani.

Babbar mota tana da daɗin da ƙarama ba ta da shi, wannan ba a musu. Ciyawar da za ta sarƙe motar 1/10 ta tsayar da ita, X-Maxx takawa take yi ta wuce. Ramin da zai kifar da ƙarama, babba ko a jikinta. Tana nesa kana ganinta sarai, kana sanin inda gabanta ya dosa. In ta sauko daga tsalle, za ka ga jikinta ya nutse a kan tayoyin ya sake tasowa a hankali kamar motar gaske, kuma wannan kallo kaɗai ya isa ya sa mutum ya kamu da sonta.

Amma tana cin fili. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye fiye da mita 22 a kowace daƙiƙa. Filin ƙwallo mai tsawon mita 100 bai kai mata daƙiƙa biyar ba. In filin da kake da shi ɗan fegi ne a bayan gida, ba za ka taɓa matse mata wuta ba, kullum kana kan birki. Sannan ga nauyin karo. Ƙarfin bugu yana tafiya da nauyi, kuma in gudu ya ninka sau biyu, bugun ninkawa yake sau huɗu. Mota mai kilo 10 a gudun kilomita 80 tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan ninki goma na mai kilo 2.5 a gudun kilomita 50. Wannan ya isa ya karya ƙaurin mutum, ya lotsa ƙofar motar wani, ya kashe dabba.

Akwai kuma ɗawainiyar da ba a gani a bidiyo. Ɗaukarta daga ɗaki zuwa but, wurin ajiyarta, batura biyu manya a kowace fita, tayoyin da kowanne ya cika tafin hannu biyu. Motar da fitar da ita ya zama aiki, a hankali sai ta koma zaman kusurwa.

Ra'ayina ga mai wasan nishaɗi shi ne 1/8. Ta isa girma ta taka ciyawa da tsakuwa da gargada, kuma hannu ɗaya yana ɗaukarta. Ka tafi 1/5 ko 1/6 ne kawai in kana da fili mai faɗi da ba kowa a cikinsa, kuma ka san za ka riƙa zuwa.

Mene ne 4S, 6S da 8S da nake gani a sunayen motocin?

Adadin sel ɗin batir ne da aka jera a jere. Batirin LiPo, wato irin wanda waɗannan motoci ke amfani da shi, kowane sel nasa yana ba da bolt 3.7, in ya cika tam ya kai 4.2. Saboda haka 4S bolt 14.8 ke nan, 6S 22.2, 8S kuma 29.6. Yawan bolt, yawan juyawar moto, wato injin lantarkin da ke juya tayoyin, yawan gudu. Yawanci motar 8S batir biyu na 4S take ɗauka, ta 6S kuma biyu na 3S ko guda ɗaya na 6S.

Abin da sababbin shiga ba su cika sani ba shi ne lambar da ke jikin sunan iyaka ce, ba wajibi ba. Galibin motocin 6S suna tafiya lafiya lau da 4S. Kuma a nan sirrin yake: motar da aka gina don ta jure 6S, in ka tuƙa ta da 4S, giyoyinta da sandunan da ke juya tayoyinta suna aiki ƙasa da ƙarfinsu. Ba ta zafi sosai, ba ta yawan karyewa, tana jin magana a hannu, kuma gudun da ya rage ya fi ƙarfin yawancin filaye. Ranar da hannunka ya faɗa, sai ka ƙara sel. Ka duba littafin motar tukuna don ka tabbatar da mafi ƙarancin abin da take karɓa.

Batir da caja suna zuwa a cikin kwalin?

Yawanci a'a. Rubutun RTR da ke jikin kwali yana nufin an haɗa motar an gama, da rimot ɗinta, amma a manyan motoci batir da caja kai za ka nema daban, har da ƙananan baturan rimot. Ka sa su cikin lissafinka tun farko, domin ba ƙaramin kaso ba ne.

Wajen zaɓen batir, abu huɗu za ka duba. Yawan sel. Yawan abin da yake ɗauka, wato mAh, inda 5000 zuwa sama ya dace da manyan motoci. Girman jikinsa, domin kowace mota da faɗin akwatin batirinta, kuma batirin da bai zauna daram ba yakan yi tsalle ya fice ko ya bugu. Sai bakin haɗi: Traxxas tana da nata na musamman, Arrma da Losi suna amfani da IC5 wanda ke shiga da EC5, wasu kuma XT90. Akwai lambar C da ke nuna yawan wutar da batir zai iya saki a lokaci guda, amma kamfanoni sukan zuzuta ta, don haka sunan mai ƙera batirin ya fi lambar abin dogaro.

Caja kuwa ka dubi wat ɗinta. Ƙa'idar da aka saba ita ce a yi wa batir mai 5000 mAh caji da amp 5, ya cika cikin kamar awa ɗaya. In 4S ne, wannan yana buƙatar wajen wat 84. Batir biyu a lokaci guda, kusan wat 170. Ƙaramar caja mai wat 50 za ta yi aikin, amma za ka daɗe kana jira. Ka nemi mai baki biyu, mai daidaita sel-sel, mai kuma tsarin sauke batir zuwa matakin ajiya.

Da gaske batirin LiPo yana kama wuta?

Da gaske ne, kuma wutarsa ba ta wasa ba ce. Amma kusan kullum da dalili: an cika shi fiye da kima, an huda shi, an bar wayoyinsa sun haɗu, ko an ci gaba da aiki da shi bayan ya lalace.

Kada ka sa caji ka fita, kada ka sa ka kwanta barci. Ka ɗora shi a kan siminti ko tayil, nesa da labule da katifa, in da hali cikin jakar da ba ta cin wuta. Kullum ka haɗa ƙaramar wayar nan mai bakin fari, domin ta nan caja ke ganin kowane sel ta daidaita su. Kada sel ya sauka ƙasa da bolt 3.0, na'urar sarrafa gudun motar, wadda ake kira ESC, tana da tsarin yanke wuta kafin a kai nan, ka tabbatar a kunne yake. Da ka ga motar ta rage ƙarfi da kanta, wasa ya ƙare, kada ka lallaɓa ta don ƙarin zagaye ɗaya.

In za ka yi kwanaki ba ka fita ba, ka ajiye batir a wajen bolt 3.8 kowane sel, ba a cike ba, ba a fanko ba. Barinsa a cike mako da makonni shi ke sa ya kumbura. Lafiyayyen batir gefensa a miƙe yake, da tauri. Ranar da ka ɗora shi a kan tebur ka ga yana lilo a kan cikinsa, ko ka danna ka ji laushi kamar matashin kai, ya gama aiki. Kada ka huda shi don iska ta fita. Kuma kada a bar shi cikin mota a rufe a rana.

Minti nawa zan samu a caji ɗaya?

Tsakanin minti 15 zuwa 30 a mafi yawan lokuta, gwargwadon nauyin yatsanka da irin ƙasar. Doguwar ciyawa da yashi mai zurfi suna shan batir sosai. Saiti biyu na batir sun ishi fita ɗaya, kuma hutun canjin batir yana ba moto damar hucewa.

Wace siffa ta fi dacewa da wasan nishaɗi?

Ƙasar da za ka taka ita ke da amsa. Mai manyan tayoyi da tsayin ciki, irin X-Maxx, ita ce sarauniyar ciyawa da kwazazzabai, tana ɗaga gaba, tana hawa kan komai, amma tsayinta yana sa ta kifewa in ka karya kwana da gudu. Irin Kraton ko Traxxas Sledge sun fi faɗi da kwanciya a ƙasa, tayoyinsu manya ne amma jikinsu bai yi sama ba, shi ya sa suka fi zama a kwana kuma suka fi daidaito a iska. Don wanda bai san takamaiman inda zai riƙa wasa ba, wannan siffar nake nuna masa.

Masu kama da motocin tseren hamada, irin Arrma Mojave mai 1/7, sun fi kowa kyan kallo a busasshiyar ƙasa mai faɗi, suna jan ƙura a baya. Amma bodinsu ya rufe tayoyi, iska takan shiga ƙarƙashi ta ɗaga su a tsalle, kuma ba sa son ciyawa mai tsayi.

Akwai wani ɓangare da ake mantawa da shi: motocin hawan duwatsu, irin Traxxas TRX-4 ko babbar Axial SCX6 mai 1/6. Tafiyarsu ba ta wuce saurin mai tafiya a ƙasa ba sosai, kana biye da ita kana zaɓar mata inda za ta sa taya. Batir yana daɗewa, karyewa kaɗan ce, kuma ba ta buƙatar fili. In abin da kake nema natsuwa ce ba gudu ba, ka dube su kafin ka yanke shawara.

Moto mai burushi ko marar burushi?

A wannan girman, marar burushi. Ya fi ƙarfi, ya fi tattalin batir, babu gawayin nan da ake kira burushi da zai cinye a ciki. Kusan duk manyan motocin gudu da shi suke zuwa. Lambar KV da ke jikinsa tana nuna sau nawa yake juyawa a minti kan kowane bolt ɗaya, kuma manyan motoci suna amfani da mai ƙaramar lamba domin nauyi suke ja da bolt mai yawa. Wanda kamfani ya sa ya wadatar.

Wane kamfani zan bi?

Sunaye biyu ne suka fi yawo a wannan fage. Traxxas kamfanin Amurka ne da ke jihar Texas, tun 1986 yake, kuma ƙarfinsa shi ne sauƙi ga sabon shiga da yawan kayan gyara. Baturansa da cajarsa suna gane juna da kansu, sai dai hakan yana ɗaure ka ga kayansa. Arrma, wadda ke ƙarƙashin Horizon Hobby tare da Losi da Axial, ta yi suna wajen motoci masu shasin alminiyam da gudu mai yawa, kuma ta fi sakin hannu wajen batir. Dukansu suna da motoci nagari, dukansu suna karyewa.

Tambayar da ta fi sunan kamfani muhimmanci ita ce: in wani abu ya karye, a ina zan samo shi, kuma cikin kwana nawa? Babbar motata ta farko daga wani kamfani ce da ba a san shi sosai ba. A fita ta uku tayar gaba ta daki saiwar itace da ciyawa ta rufe, motar ta wuntsila sau biyu, na je na tarar da tayar tana reto, ɗan sashen roba da ke riƙe da ita ya rabe biyu. Abin bai fi tsawon yatsa ba. Na yi makonni ina nema, motar tana kan kanta tana shan ƙura, kuma ban daina jin ciwon wannan ba. Tun daga nan, kafin in sayi mota sai na buɗe zanen sassanta, na ɗauki lambar hannun taya da ta giya, na bincika ko masu sayarwa fiye da ɗaya suna da su a ajiye. In babu, komai kyanta na haƙura.

Me ya fi karyewa, kuma in canja sassan roba zuwa alminiyam?

Hannuwan da ke riƙe tayoyi, mariƙin taya, sandunan juya taya, fiffiken baya, da bodi. Sai na'urar juya sitiyari, wadda a manyan motoci take shan wahala saboda nauyin tayoyi, kuma sau da yawa ita ce abu na farko da ya cancanci a sauya da mai ƙarfi.

Game da alminiyam, kada ka yi gaggawa. Roba mai kyau tana lanƙwasa ta dawo, in bugun ya yi yawa ta karye, ka canja abu ɗaya mai sauƙi. Alminiyam in ya lanƙwashe ya zauna a haka, kuma bugun da bai shanye ba yana miƙa shi ga na gaba da shi, wanda galibi ya fi tsada da wuyar kwancewa. Ka tuƙa motar yadda ta zo. Abin da ya karye sau biyu a wuri ɗaya, shi za ka nema wa mafi ƙarfi. A lura kuma roba tana ƙara gautsi a tsananin sanyi.

Kayan aiki ba su da yawa: sukundirebobi masu kai shida na milimita 1.5, 2, 2.5 da 3, sifanar notin taya, da ruwan nan mai shuɗi da ake ɗigawa a zaren sukurun da ke shiga ƙarfe don kada girgiza ta kwance shi. Ka sayi masu kyau, domin na banza suna cinye kan sukuru.

An rubuta ba ta jin ruwa. Zan iya shiga taɓo da ita?

Kayan lantarkinta ne aka kare, ba ƙarafanta ba. Boris da sukurori suna tsatsa, ruwa yana shiga cikin taya ya jiƙa soson ciki, tayar ta riƙa girgiza. Kana iya ratsa kududdufi, amma da ka dawo ka cire tayoyi, ka busar da ita, ka ɗiga mai a boris. Ruwan gishiri kuwa ka nisance shi gaba ɗaya. Rimot ɗin ma yawanci ba shi da kariya.

Yashi ya fi ruwa ɓarna a ɓoye. Ka ɗaga motar ka juya kowace taya da hannu kusa da kunnenka. In ka ji ƙaras-ƙaras maimakon juyi mai santsi, boris ya sha ƙasa.

Motata tana zafi har ta tsaya da kanta. Me ke faruwa?

ESC ce take kare kanta. Dalilin da ya fi yawa shi ne giya. A bakin moto akwai ƙaramar giya da ke juya babba. In ka sa mai haƙora da yawa, gudu zai ƙaru, zafi ma haka. Wasu motocin suna zuwa da irin wannan giyar a cikin leda, kuma da ita ake samun gudun da aka buga a kwali. An yi ta ne don gudu a miƙe a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ba don ciyawa ba. Ka bar wadda aka ɗaura mata.

Ka mallaki ɗan ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa. In jikin moto ya doshi digiri 80 a ma'aunin Salsiyos, ka huta, in abin yana maimaituwa ka rage haƙoran ƙaramar giyar. Zafi mai yawa yana raunana maganaɗisun moto, kuma ƙarfin da ya tafi ta nan ba ya dawowa. Ka duba ma ko ciyawa ta naɗe a sanda, ko fankar ESC ta toshe.

Yaro ko wanda bai taɓa tuƙawa ba zai iya da ita?

Zai iya, in an rage mata ƙarfi kuma babba yana tsaye. Motocin Traxxas suna da tsarin koyo da ke raba ƙarfi biyu, rimot ɗin da ke zuwa da motocin Arrma kuma yana da maɓallin 50, 75 da 100. Da yawa suna da na'urar da ke gyara sitiyari da kanta in baya ya fara zamewa. X-Maxx ma tana iya juyo da kanta in ta kife, abin da ke rage maka zirga-zirga. Abin da ke ruɗa kowane sabon hannu shi ne lokacin da motar ta fuskanto shi, dama ta koma hagu. Wannan sai da maimaici, a hankali, a fili marar mutane. Cajin batir kuwa aikin babba ne.

Sayen ta hannu fa?

Yana da kyau in ka iya dubawa. Ka kifa ta ka kalli ƙasan shasi: ƙarce ba komai ba ne, lanƙwasa ita ce matsala. Ka riƙe taya ɗaya ka juya ta kishiyarta, ka saurari ƙarar haƙoran da suka karye. Ka danna motar ƙasa ka sake ta, ka duba ko mai yana tsiyaya daga shakazoba. Ka tabbatar har yanzu ana ƙera sassan wannan samfurin. Tsohon batirin da aka haɗa maka da shi, ka ɗauka babu shi a cinikin.

Me zan yi a ranar farko?

Ka karanta littafin yayin da batir ke caji. Ka bi notin tayoyi da sukurorin da ke shiga ƙarfe ka tabbatar a ɗaure suke. A fili, rimot ake fara kunnawa sannan mota, wajen kashewa kuma mota ce farko. Ka ɗora ta a kan wani abu tayoyinta na sama, ka gwada sitiyari da birki, sannan ka kashe rimot ka gani ko ta tsaya cik da kanta; in tayoyin sun ci gaba da juyawa, kada ka sauke ta ƙasa sai ka gyara wannan. Ka zagaya filin da ƙafa ka ga inda kututture da duwatsu suke. Batirin farko ka tuƙa shi a rabin ƙarfi, bayan minti biyar ka tsaya ka auna zafin moto, ka sake taɓa notin tayoyin.